A Maido Mana Da Masu Gida Gidansu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano Da Shugabannin Kano Pillars

Mai girma Gwamnan Jihar Kano,
Mai girma Kwamishinan Matasa da Wasanni,
Shugabannin hukumar gudanarwar Kano Pillars,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, muna gaishe ku da aiki, da fatan Allah Ya taya ku riƙon amanar da Ya ɗora muku.

Na rubuto wannan takarda ne da yawun 'yan majalisarmu, magoya bayan Kano Pillars da muka shafe shekaru muna zama a gefe ɗaya na filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A cikinmu akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai 'yan kasuwar Kantin Kwari, akwai direban adaidaita sahu, akwai wanda furfura ta cika masa gemu yana zuwa da jikansa. Ba mu da muƙami a ƙungiyar, ba ma kuma neman kwangila. Da kuɗin aljihunmu muke sayen tikiti, kuma kuɗin gwamnatin da ake riƙe ƙungiyar da shi haƙƙin mutanen Kano ne. Wannan ne ya ba mu bakin magana.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a watan Oktoban 2025, ranar da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallon da muka ci ta ana dab da tashi. Wasu suka tsallaka cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar Firimiya ta Najeriya ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9.5, ta zaftare mana maki uku da ƙwallaye uku, ta rufe filin, ta tura mu Katsina mu riƙa karɓar baƙi a can. Ba mu zo kare waɗanda suka yi wannan ɗanyen aiki ba. Sun ci mutuncin baƙo a garin da ake yi wa kirari da karamci, kuma hukuncin ya hau kanmu bisa ƙa'ida. Tambayar da ke ci mana rai ita ce: sau nawa za a maimaita abu ɗaya kafin a toshe ƙofar da yake shigowa?

Ku ba mu dama mu tuna muku abin da ke hannunku, domin wanda bai san darajar abin da yake riƙe da shi ba, ba zai damu da faɗuwarsa ba.

A 1990, shekarar da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta fara a Najeriya, aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka haifi Kano Pillars. Kafin nan ma Kano ba baƙuwar kofi ba ce, domin Raccah Rovers ta ɗauki gasar ƙasa a 1978, kuma har gobe dattawanmu na ba da labarinta. Pillars ta ɗauki kofin Firimiya na farko a 2008 a hannun koci Kadiri Ikhana. Daga nan sai ga 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, da 2014 a hannun Okey Emordi. Kofi uku a jere. A duk faɗin Arewa babu ƙungiyar da ta taɓa yin haka. A waɗannan shekaru, in an ce Rabi'u Ali Pele ya tsaya a kan bugun tazara, sai filin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mutane, in Gambo Muhammad ya juya da ƙwallo a bakin raga, 'yan baya sun san aikinsu ya lalace.

Amma abin da ya ba kirarin “Sai Masu Gida” nauyinsa ya fi kofunan nan girma. Daga watan Yunin 2003 har zuwa Agustan 2015, wasa 202 aka buga a gasar ƙasa a gidanmu, ba a ci Pillars ko sau ɗaya ba, sai ranar da Nasarawa United ta zo ta yi nasara da ci 2 da 1. Shekara goma sha biyu. Yaron da aka haifa a farkon wannan zango ya kusa gama firamare kafin ya ga an doke ƙungiyar garinsu a gaban idonsa. Ni ina filin ranar da Nasarawa ta karya mana wannan tarihi. Na fito ina ji kamar an yi mini rasuwa, na taka da ƙafa har gida ban yi wa kowa magana ba. Washegari muka hallara a majalisa, aka sha shayi, aka ce Allah Ya kai mu wasa na gaba. Haka ake rashin nasara, kuma haka muke so a koya wa yaran da ke tasowa.

Ƙorafinmu na farko, kuma shi ne uwa uba, shi ne gidan nan da muke ta rasa shi. A 2020 an mayar da filin cibiyar killace masu korona, wannan lalura ce, ba wanda ya yi gunaguni, muka bi ƙungiyar Kaduna. Da aka dawo Kano a Afrilun 2022, a wasa da Katsina United aka tayar da yamutsi, aka farfasa motar baƙi. Tarar naira miliyan 9 ta biyo baya, aka cire maki uku, aka kora mu Abuja. Ba a yi wata uku ba, a wasa da Dakkada, wani babban jami'in ƙungiyar da kansa ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, aka sake zaftare maki. A ƙarshen kakar Pillars, mai kofin Firimiya huɗu, ta faɗa gasar 'yan dagaji. Kafin wannan ma, a 2019, an yi irin wannan abin kunya a Agege ta Legas a wasa da Enugu Rangers. Ku duba jerin: 2019, 2022, 2025. Duk wanda ya ce tsautsayi ne, bai faɗi gaskiya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu da ke zama a cikin 'yan kallo mun san yadda abin ke faruwa. Masu tayar da fitina ba su da yawa, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci ake gane su, daga zagi, sai jifa da ledar ruwa, sai dutse, sai hawa waya. In da akwai idon da ke kansu tun daga bakin ƙofa, da mutum ashirin ba su jawo wa mutum dubu goma sha hukunci ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, amma mai tankaɗe ne ya kamata ya tsince shi tun kafin a kai niƙa.

Kuma rufe fili ba a kan teburin gasa kaɗai yake tsayawa ba. Ina da maƙwabci mai sayar da gurasa da tsire, ranar wasa ita ce babbar kasuwarsa, cinikin da yake yi daga azahar zuwa magariba shi ke ɗaukar masa cefanen kwanaki. Kamarsa akwai masu rake da masu ruwan leda da masu zoɓo, da masu ɗinka tuta da hula mai ruwan ɗorawa da kore, da masu gadin babura, da 'yan adaidaita sahu da ke jigila daga Kurna da Hotoro da Sheka. Duk ranar da aka buga wasan gida a wani gari, waɗannan bayin Allah ne ke fara kwana da asara. Ita ma ƙungiyar, kuɗin ƙofa ya tafi, ga kuɗin mota da masauki da abinci a wasan da ake kira na gida, ga tara. Naira miliyan 9 a 2022 da miliyan 9.5 a 2025, ku lissafa takalma da ƙwallaye nawa za su saya wa ƙananan 'yan wasa. Sannan ɗan wasan da ya saba jin amon ganga da ihun “Sai Masu Gida” a bayansa, an bar shi yana buga wa kujeru.

Ƙorafi na biyu ya shafi Afirka. Shekarar 2009 ita ce ƙololuwar abin alfaharinmu. Pillars, a karon farko da ta shiga gasar Zakarun Afirka, ta haɗu da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofin, ta su Abu Trika. Aka tashi 1 da 1 a gida, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, muka fitar da su da ƙwallayen waje. A rukuni muka haɗu da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, muka ƙare a sama. Sai a wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta Owerri ta tsayar da mu. Daren da aka fitar da Al Ahly, unguwarmu ba a yi barci da wuri ba. Yara na gudu da tuta, masu babura na ta busa oda, dattijon da bai taɓa kallon ƙwallo ba yana tambaya wai da gaske Kano ta kori Masar?

Tun daga nan ba mu sake leƙa matakin rukuni ba. A 2013 AC Leopards ta Kongo ta fitar da mu. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta sallame mu tun a zagayen share fage. A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta zura mana huɗu a gidanta. A 2019 mun ci Asante Kotoko 3 da 2 a Kano, ta rama da 2 da nema a Kumasi. A 2020 Jaraaf ta Senegal ce ta tare mu a kofin Confederation. Abin lura a nan, uku daga cikin waɗannan sun faru ne a lokacin da muke zakarun Najeriya. Ma'ana, ƙarfin da ke isar mu a gida ba ya isar mu a waje, kuma wannan magana ce ta shiri: a riƙe 'yan wasan da suka ci kofi kada su watse, a yi atisaye da wasannin sada zumunci da wuri, a tanadi kuɗin tafiya tun kafin a fitar da jadawali. Enyimba ta Aba, wadda ita ma ƙungiyar gwamnatin jiha ce, ta ɗauki kofin Afirka a 2003 da 2004. Me Aba ta fi Kano da shi?

Na uku, yara. A kakar 2009 zuwa 2010 wani matashi ɗan ƙasa da shekara ashirin, Ahmed Musa, ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Daga Ƙofar Mata ya tafi Holan, ya wuce CSKA Moscow, ya je Leicester ta Ingila, ya zama kyaftin ɗin Super Eagles, ya ci ƙwallo huɗu a gasar Kofin Duniya. Sani Kaita da Shehu Abdullahi su ma da rigar Pillars duniya ta fara saninsu. Yau ku zagaya filayen unguwa bayan la'asar, a Gwale da Fagge da Dala da Tarauni, ku ga yaran da ke buga tamaula a kan burji, wasu ba takalmi. Kano ce ke karɓar gasar Kofin Ramat ta matasa. Gari mai irin wannan albarka bai kamata ya dogara da cefanen 'yan wasa a farkon kowace kaka ba, a saya da tsada, a sallama a ƙarshen shekara, a sake shiga kasuwa. Remo Stars, ƙungiya mai zaman kanta daga ƙaramin garin Ikenne, ta gina filinta da makarantar horar da yaranta, ta yi haƙuri, ta ɗauki kofin 2025. Da muka ji an ba Ahmed Musa muƙamin babban manajan ƙungiyar a 2025 mun yi murna, domin ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a ƙasashen da suka ci gaba. Sai dai suna kaɗai ba ya gina ƙungiya in ba a sakar wa mai shi mara ba, ba a kuma ba shi kayan aiki ba.

Wannan ya kawo mu ga batun shugabanci, kuma za mu taƙaita. An sha rushe hukumar gudanarwa a naɗa sabuwa, an sha canza koci kaka ba ta ƙare ba. Kowane sabon shugaba da mutanensa da tsarinsa, kafin shuka ta yi tsiro an tuge ta. Ga shi kuma magoya baya na son su riƙa ganin lissafi: nawa aka tara a ƙofa, nawa aka samu da aka sayar da ɗan wasa, nawa masu tallafi suka bayar.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne ya fi taɓa zuciyata. Ɗana ɗan shekara goma sha biyu zai jero maka 'yan wasan Real Madrid da Arsenal da lambobin rigunansu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Rannan muna hira na ce masa Pillars ta taɓa korar Al Ahly daga gasar Afirka, sai ya kalle ni ya ce, “Baba, da gaske?” Na nemi abin da zan nuna masa, ban da shi sai abin da ke kaina. Laifina ne da ban ajiye ko jarida ɗaya ba, amma tarihin ƙungiya irin wannan ya wuce a bar shi a bakin 'yan majalisa.

Wa zai gaya wa yaran nan abin da ya faru a Asaba a 2018, ranar wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, da muna gaban Rangers da ci 3 da nema, aka farke duka ukun, aka doke mu a bugun fenareti? Mutane sun zubar da hawaye a gidajen kallo. Wa zai gaya musu cewa a shekarar da ta biyo baya, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, ƙungiyar nan ta koci Ibrahim Musa ta koma wasan ƙarshe, ta tashi canjaras da Niger Tornadoes, ta ɗauki kofin a fenareti da ci 4 da 3? A ganina babu darasin da ya fi wannan amfani ga matashin da ke tunanin in an farke masa ƙwallo ɗaya sai ya ɗauki dutse. Wa zai tuna musu cewa a watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni saboda rigar nan? Ko Chinedu Udoji, ɗan bayan da ya rasu a haɗarin mota a nan Kano a Fabrairun 2018, sa'o'i kaɗan bayan ya buga mana wasa? Bai fito daga Kano ba, amma a hidimar Kano ya bar duniya. Shi kansa filin, ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da Kofin Nahiyar Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a 2000 ya fara riƙe hannuna ya shiga da ni. Ina so ni ma in shiga da nawa ɗan ba tare da mahaifiyarsa ta zauna cikin fargaba har mu dawo ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A gurfanar da waɗanda suka shiga fili a gaban kotu, a kuma hana su shiga filin. Bidiyon abin da ya faru ya zagaya wayoyin mutane, fuskoki a bayyane suke. Kada a bari wani ya je ya yi belinsu da sunan siyasa ko sanayya. A kafa kyamarorin tsaro a ƙofofi da wuraren zama, a gyara shingen da ke tsakanin 'yan kallo da fili, a tanadi amintacciyar hanya da alƙalai da baƙi za su bi su fita. A daina sayar da tikiti fiye da adadin kujeru, a caje kowa a ƙofa, babba da yaro. A ɗauki masu kula da 'yan kallo daga cikin magoya baya, a horar da su, a riƙa biyansu, domin mu ne muka san junanmu, kuma a shirye muke mu ba da sunayen mutanen kirki daga kowace unguwa. A nemi malamai da masu unguwanni da gidajen rediyo su sa baki, maganarsu na shiga inda sandar ɗan sanda ba ta kaiwa. A kuma ware wani sashe na iyali, inda uba zai zauna da 'ya'yansa cikin natsuwa.

A ba hukumar gudanarwa wa'adi sananne, shekara uku ko huɗu, da burin da za a auna ta da shi a rubuce, a bar ta ta yi aiki. A riƙa fitar da bayanin kuɗin shiga da na fita a ƙarshen kowace kaka. A buɗe wa 'yan kasuwar Kano ƙofa su zuba jari bisa yarjejeniya bayyananna, a kuma fito da katin zama mamba da za mu riƙa biya duk shekara. Garin da ke da Kwari da Singa da Dawanau da masana'antun Bompai da Sharaɗa bai rasa masu ɗaukar nauyin ƙungiya ɗaya ba. A fito da rigar ƙungiya ta asali a farashin da talaka zai iya, a sa ta a shagunan da kowa ya sani, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya.

A mayar da filin Pillars na Sabon Gari cibiyar renon yara ta gaske, da ajin 'yan ƙasa da shekara 13 da 15 da 17, da sharaɗin kowane yaro yana zuwa makaranta, da kwantiragin da zai sa in an sayar da shi waje Kano ta amfana, iyayensa ma su amfana. A sa tsofaffin 'yan wasanmu su zama masu horar da su, a biya musu kuɗin kwas ɗin koci.

A ƙarshe muna roƙon a ware ɗaki ɗaya a filin Sani Abacha, a jera kofunan 2008 da 2012 da 2013 da 2014 da 2019, da hotunan tawagar 2009, da sunayen duk wanda ya taɓa sa rigar nan, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A naɗi muryoyin dattawan WRECA da Golden Stars da Bank of the North da Raccah Rovers tun suna da rai, a rubuta tarihin da Hausa. A riƙa buɗe ɗakin ga ɗaliban makarantu ranar da ba wasa. A cikin majalisarmu akwai mai tsofaffin tikiti, akwai mai hotuna, akwai wanda ya adana rigar kakar 2008 a ƙasan akwati. Duk ranar da kuka buɗe ɗakin, za mu kawo su da hannunmu, kyauta.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya ba Kano zaman lafiya.

Wassalam,
Naku,
Wani mai goyon bayan Sai Masu Gida, a madadin 'yan majalisarsu, daga cikin birnin Kano.